Farautar wapiti a Duwatsun Roki: iska ce alƙali tsakanin maharbi da nama

A kowace shekara, da zarar watan Satumba ya kama, dubban mutane a yammacin ƙasar Amurka sukan ɗauki hutu daga wuraren aikinsu, wasu su rufe shaguna, su rataya kwari da baka su nufi Duwatsun Roki domin farautar wata babbar dabba da ake kira wapiti. A cikinsu akwai waɗanda suka yi shekaru suna jiran takardar izini, akwai kuma waɗanda suka kashe kuɗin da zai isa jarin ƙaramin ɗan kasuwa a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni. Amma duk da wannan ɗawainiya, a jihar Kolorado, wadda ta fi kowace jiha yawan wannan dabba, cikin maharba goma masu baka da kibiya kusan mutum ɗaya ne kawai ke komawa gida da nama. Sauran sai su koma da gajiya da labari.

In aka tambayi tsofaffin hannu a wannan fage ko mene ne ya fi kayar da maharbi, ba sa cewa rashin iya harbi ne ko rashin kayan aiki. Amsarsu guda ce, wato iska. Wannan ne ya sa a yau filin namu ya leƙa waɗannan duwatsu, domin mu ga yadda iska ke hawa da sauka a jikin tsauni, da yadda dabbar ke amfani da ita wajen tsare ranta, da kuma yadda maharbi ke yin lissafinsa kafin ya ɗaga ƙafa.

Wace irin dabba ce wapiti?

Wapiti dabba ce daga dangin barewar ƙasashen sanyi, amma a girma ta fi kusa da gwanki, har ma ta ɗara shi. Amurkawa suna kiranta elk, Faransawa kuma suna cewa wapiti, sunan da aka samo daga harshen mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, wanda ke nufin mai farin gindi. Namijin da ya ƙosa yakan kai kilo 320, tsayinsa a kafaɗa wajen mita ɗaya da rabi, ita kuwa tamatar takan yi wajen kilo 225. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, kuma ƙahon nasa ba irin na shanunmu ba ne. Ƙashi ne mai rassa kamar busasshen itace, tsawonsa yakan wuce mita ɗaya, nauyin biyun kuma yakan kai kilo 18. Abin mamaki shi ne a kowace shekara, wajen watan Maris, ƙahon yakan faɗi da kansa, wani sabo ya tsiro, kuma a tsakiyar lokacin zafi yana iya ƙaruwa da santimita biyu da rabi a rana guda.

Daga Satumba zuwa Oktoba ne lokacin barbararsu. Babban namiji yakan tara mata goma, ashirin ko fiye, yana tsaronsu daga sauran maza, yana kuma yin wani irin kuka da ke farawa da gurnani ya ƙare da fito mai kaifi, wanda ake ji daga nisan fiye da kilomita guda. Wannan kuka ne ke nuna wa maharbi inda garke yake. A wannan lokaci dabbobin suna zaune ne a tsakanin mita 2,500 zuwa 3,500 bisa teku. Domin mai karatu ya kwatanta, dutsen Bagzam da ke Abzin, wanda ya fi kowane wuri tsawo a ƙasarmu Nijar, mita 2,022 ne. Ke nan inda dutsenmu ya ƙare, can ba a ma kai wurin kiwon wapiti ba.

Hanci ne garkuwarta

Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa ana iya yaudarar idon dabba. Shi ya sa suke ɗaura burtu a goshi, su durƙusa suna tafiya irin ta tsuntsun har su kusanci nama. Haka abin yake ga wapiti. In ta hangi mutum tsaye cik a jikin itace, ba ya motsi, tana iya kallonsa ta ci gaba da kiwonta. Idonta ba ya rarrabe launin ruwan lemo kamar yadda namu ke yi, shi ya sa dokar Kolorado ta tilasta wa masu farauta da bindiga sanya riga da hula masu wannan launi mai haske, ko ruwan hoda, domin ƴan uwansu maharba su gan su, ba tare da hakan ya kori dabbar ba. Kunnenta ma ana iya ruɗinsa, domin garken wapiti ba ya tafiya shiru. Suna taka ƙirare, suna ture duwatsu, saboda haka ƙarar ƙafar mutum ba lalle ne ta firgita su ba.

Amma hanci ba ya karɓar uzuri. Da zarar warin jikin ɗan Adam ya isa hancin tsohuwar tamata da ke jagorancin garke, ko da daga nisan ɗaruruwan mitoci ne, sai ta yi wani haushi mai kama da na kare, garken duka ya watse. Kuma ba gudun ɗan taƙi suke yi ba, sukan tsallake tudu su faɗa wani kwari mai nisan kilomitoci, wani lokaci ba za su dawo ba sai bayan kwanaki. Maharbin da hutunsa mako guda ne, kuskuren minti ɗaya ya isa ya cinye masa shekara.

A shagunan kayan farauta na Amurka akwai kasuwa babba ta sabulai da turarukan fesawa da tufafi waɗanda aka ce suna kashe warin jiki. Ana cinikinsu ƙwarai. Sai dai mutumin da ya hau dutse da kaya a baya, a wurin da iskar shaƙa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, dole ya yi gumi, dole ya yi haki, kuma numfashin da ke fita daga bakinsa ba a wanke shi da sabulu. Don haka masana wannan farauta suka tsaya a kan magana guda: ba a ɓoye wari, sai dai a san inda iska za ta kai shi.

Yadda iska ke hawa da sauka

A fili irin na ƙasarmu lissafin iska mai sauƙi ne. Da hunturu tana fitowa daga arewa maso gabas, da damina kuma daga kudu maso yamma, kuma takan wuni a haka. Maharbi ya ɗebi ƙasa ya watsa, ya ga inda ƙura ta nufa, ya kewaya ta yadda iskar za ta riƙa bugun fuskarsa, shi ke nan. A jikin tsauni abin ya sha bamban, domin ban da babbar iskar da ke ratsa ƙasa, wadda a Duwatsun Roki galibi daga yamma take zuwa, dutsen da kansa yana haifar da tasa iskar, mai sauya alƙibla sau biyu a kowace rana.

Dalilin haka ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa lura da hayaƙin murhu. Iska mai zafi ba ta da nauyi, tashi sama take yi. Iska mai sanyi kuwa tana da nauyi, ƙasa take nema, kamar ruwa. Idan rana ta faɗi, jikin dutse yakan yi saurin hucewa, iskar da ke manne da shi ta yi sanyi, ta yi nauyi, sai ta fara gangarowa a hankali tana bin kwazazzabai da ƙoramu, daidai hanyar da ruwan sama zai bi, har ta taru a gindin kwari. Wannan ita ce iskar sauka, kuma takan kwana tana gangara har wayewar gari. Masu zuwa sayen albasa da lemo a lambunan Abzin, irin su Tabalot da Timiya, sun san yadda sanyin asuba ke kwanciya a cikin kwari alhali jikin dutsen da ke sama da shi da ɗan dama-dama. To, wannan aikin iskar sauka ne.

Idan rana ta fito ta bugi jikin dutse, sai ƙasar ta ɗumama, iskar da ke kanta ta yi zafi ta fara hawa tana bin gangaren zuwa ƙololuwa. Wannan ita ce iskar hawa, wadda ke ƙarfafa daga hantsi zuwa azahar da la'asar. Manyan tsuntsaye irin su mikiya da ungulu ita suke jira kafin su buɗe fukafukai su yi ta shawagi ba tare da kaɗa su ba.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice: da dare da sassafe wari gangarowa yake yi, don haka maharbi ya kasance ƙasa da dabba. Da rana wari hawa yake yi, don haka ya kasance sama da ita. Da yamma in inuwa ta rufe gangare, abin ya sake juyawa.

Sai dai ba agogo ne ke juya iskar ba, rana ce. Gangaren da ke fuskantar gabas shi ke fara samun rana, iskarsa kan juya tun da hantsi, alhali wanda ke fuskantar yamma yana nan cikin inuwa iskarsa na gangarowa. Haka kuma, da yake waɗannan duwatsu suna can arewa ƙwarai, rana ba ta ratsawa ta tsakar ka kamar yadda muka saba, ta gefen kudu take bi. Saboda haka gangaren da ke kallon arewa, wanda dogayen itatuwa suka rufe, yakan daɗe cikin sanyi, wani lokaci har kusan azahar iskarsa ba ta fara hawa ba. A kwari guda, a sa'a guda, ana iya samun iska tana hawa a wannan gefe tana sauka a wancan.

Dabbar ma ta san wannan karatu

Wapiti ba ta shiga makaranta ba, amma tsarin wuninta a kan wannan iska aka gina shi. Da dare garke yakan fito sarari, cikin fadamu da filayen ciyawa, ya yi kiwo. Gari na wayewa sai su kama hanyar makwancinsu, wanda galibi yana sama, cikin kurmi mai duhu a gangaren arewa, inda akwai sanyi da ruwa kusa. A lokacin da suke wannan hawa iskar sauka ce ke bugun hancinsu, tana kawo musu labarin duk abin da ke gabansu, ko kyarkeci ne ko mutum.

Idan sun isa, sukan zaɓi ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar gangare su kwanta suna kallon ƙasa. Kafin walaha iskar hawa ta fara kawo musu warin duk abin da ke tahowa daga gindin dutse. A irin wannan kurmi kuma iska ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ba, takan yi ta kewayawa, kuma wannan ya yi wa dabbar daidai, domin tana samun labari ta kowace kusurwa. Da la'asar sakaliya su tashi su nufi wurin kiwo. Haka suka yi dubban shekaru suna kauce wa kyarketai, waɗanda aka ƙarar da su a gandun dajin Yalosuton a shekarun 1920, aka kuma sake dawo da su a 1995.

Lissafin sanɗa daga asuba zuwa almuru

Da asuba maharbi yakan fara ne daga ƙasa, iska na bugun fuskarsa, yana bin kukan namiji. Matsalar ita ce dabbar ta fi shi ƙafa nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai bi bayan garke kai tsaye, kafin ya cim musu rana ta bugi gangaren, iska ta juya ta ɗauki warinsa ta kai musu har makwanci. Saboda haka gwanaye ba sa bin sawu. Sukan ratse gefe, su hau ta wani kwazazzabo dabam, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da garken daga nesa, ta yadda ko iska ta hau ko ta sauka, warinsu zai wuce ta gefe.

Babban darasin a nan shi ne maharbi ba ya lissafi da iskar da yake ji yanzu, da iskar da zai tarar lokacin da ya isa yake yi. A ce ƙarfe 8 da rabi na safe ya hangi garke sama da shi, kuma hawan zai ci masa minti 40. Iskar yanzu tana tare da shi, amma in ya duba ya ga layin hasken rana yana gangarowa zai riski wurin cikin minti 20, to ya san ba zai isa ba kafin ta juya. Ƴan kasuwar kan iyaka ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi. Wanda ya sari wake a Maradi zai kai Jibiya ba ya dogara da canjin naira da sefa na ranar da ya yi lodi, yana tunanin yadda canjin zai kasance ranar da kasuwa za ta ci.

Lokaci mafi haɗari shi ne na juyawar iska, da safe da kuma yamma, wanda kan ɗauki daga ƴan mintoci zuwa sa'a guda ko fiye. A wannan tsakani iska ba ta da alƙibla, ta hau ta sauka ta koma gefe. Shawarar tsofaffin maharba ita ce a ja da baya a zauna nesa har sai ta daidaita. Sannu ba ta hana zuwa. Da yawa daga cikin masu komawa hannu biyu a wannan ɗan lokaci ne suka yi asarar garkensu, saboda kukan namiji na kusa ya hana su haƙuri.

Da tsakar rana, in iskar hawa ta kama sosai, ana iya kewayawa a haye saman garke a gangaro musu a hankali. Amma maharba da dama ba sa taɓa makwanci sam, sun gwammace su bar dabbobin cikin natsuwa domin su same su gobe a wuri ɗaya. Da yamma kuma sai a jira inuwa ta rufe gangaren, a ji sanyi ya fara saukowa, sannan a matsa ta ƙasan hanyar da garken zai bi zuwa kiwo. Lokacin ɗan kaɗan ne, domin a Kolorado doka ta yarda da harbi ne daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Iskar hawa da ta sauka ba su da ƙarfi, musamman ta saukar, wadda sau da yawa ba a ma jinta a jiki. Saboda haka in babbar iska ta taso daga yamma takan danne su. Inda ta haye ƙololuwar tudu ta faɗa bayansa kuwa, sai ta yi ta murɗawa kamar ruwan gulbi a bayan dutse, mutum ya ji ta a fuska yanzu, anjima ya ji ta a ƙeya. Wuraren da tudu biyu suka haɗu suka bar ɗan wuya a tsakani sukan matse iska ta bi ta ciki da gudu, kuma nan ne dabbobin suka fi son ƙetarawa.

Ƙorama mai ruwan sanyi ma tana da nata hukunci. Ko da rana tsaka, iskar da ke bisa ruwan a cikin inuwa takan ci gaba da gangarowa, shi ya sa wasu maharba ke mayar da ƙorama hanyarsu ta hawa, domin tana janye warinsu zuwa ƙasa, ƙarar ruwan kuma tana rufe motsinsu. Gajimare yana jinkirta juyawar safe, ranar da hadari ya lulluɓe sama iskar hawa ba ta yin ƙarfi. Ko girgije guda ya tare rana na ɗan lokaci ya isa ya mayar da iska baya. Hadarin la'asar kuwa, wanda ya zama ruwan dare a waɗannan duwatsu a farkon Satumba, yakan turo iska mai sanyi ƙasa da ƙarfi ta watsu ko'ina.

Don haka kowane maharbi yana tafe da abin gwajin iska. Mafi yawa ƴar ƙaramar kwalbar roba ce mai farar hoda, a matsa ta fito kamar hayaƙi, aikin da toka ke yi wa maharbanmu. Amma hodar tana nuna abin da ke faruwa a gaban mutum ne kawai. Waɗanda suka ƙware sun fi son audugar wata ciyawa mai kama da ta tumfafiya, wadda in aka sake ta takan yi tafiya mai nisa ana kallonta, ta nuna inda iskar ta lanƙwasa a bayan itace ko bakin kwazazzabo. Wasu kuma sukan ɗaura zare a jikin baka. Hatta wurin kafa zango ana zaɓensa da wannan ilimi, ba a kwana a saman filin kiwo, domin hayaƙi da warin abinci za su kwana suna gangara wa dabbobin.

Kira da kewaye

Kibiya ba ta da dogon zango. Yawancin masu baka ba sa harbi sai dabbar ta shigo cikin mita 20 zuwa 40. Domin su jawo ta kusa, sukan yi amfani da ɗan abin busa da ake sawa a baki suna kwaikwayon kukan tamata ko na namijin da ke neman faɗa. Namijin yakan taho a fusace, amma fushin ba ya mantar da shi hancinsa. In ya kusa, sai ya kewaya ta inda iska ke nufa domin ya sansano wanda ke kiransa kafin ya nuna kansa.

Maganin wannan shi ne aikin mutum biyu. Mai kira ya tsaya baya da wasu mitoci gomiya, mai harbi ya matsa gaba ya ɗan karkata ta gefen da iskar ke nufa, daidai inda ake zaton namijin zai bi wajen kewayensa. In lissafi ya yi kyau, dabbar za ta gitta gaban mai baka hankalinta na kan mai kira, kafin ta kai layin da wari ke bi. In aka yi kuskuren mita goma, sai dai a ji ƙarar kofato.

Ko bayan an dace, aikin iska bai ƙare ba. Namiji guda yakan ba da tsokar nama wajen kilo 90 zuwa 100, kuma doka ta haramta barin naman ya lalace a daji. Dole a feɗe, a yanka gunduwa-gunduwa, a yi ta jigila a baya ko bisa dawaki da alfadarai. Kafin a gama, ana rataye naman ne a inuwar bakin ƙorama, inda iskar sauka za ta kwana tana sanyaya shi.

Kasuwa ta kusa ƙarar da ita

Akwai wani ɓangare na labarin nan da ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai wapiti wajen miliyan 10 a Amurka ta Arewa. Zuwa shekarar 1900 ba su kai 100,000 ba. Ba masu neman naman miya ne suka yi wannan ɓarna ba, masu farautar sayarwa ne. An kashe su domin fata, an kashe su domin kai nama garuruwan masu haƙar zinariya, har ta kai ana kashe ƙaton namiji domin haƙora biyu kacal da ke muƙamuƙinsa na sama, masu kama da hauren giwa, waɗanda ake ratayawa a sarƙar agogo, a bar gawar ta ruɓe.

Gyara ya fara ne daga kasuwar. A 1900 aka yi dokar Lacey wadda ta hana ƙetara iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka hana cinikin naman daji. A 1912 aka keɓe wa wapiti wurin cin sanyi kusa da garin Jakson na jihar Wayomin. A 1937 dokar Pittman-Robertson ta juya harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin kula da namun daji. A yau yawansu ya koma wajen miliyan guda, kusan 300,000 daga ciki a Kolorado. Baƙon da ba ɗan jihar ba, a 2024 kuɗin takardar izininsa ya kai wajen dala 800, wato fiye da jika 450 na sefa, kuma da irin wannan kuɗi ake biyan ma'aikatan gandun daji.

Cinikin da ya rage shi ne wanda ba ya zubar da jini. Tun daga 1968, a kowane watan Mayu, yara ƴan sikawut na garin Jakson sukan yi gwanjon ƙahonin da dabbobin suka zubar da kansu a cikin gandun. Masu saye suna yin kujeru da fitilu da ƙotar wuƙa da su, wasu kuma a kai ƙasashen Asiya domin haɗa magunguna. Kashi 75 cikin ɗari na kuɗin yana komawa ga kula da gandun.

Abin da ya shafe mu

Duk wannan wahalar lissafin iska ta samo asali ne daga abu guda: doka ta tilasta wa maharbi ya tunkari dabbar da ƙafarsa. An hana harbi daga cikin mota, an hana neman garke da jirgin sama. Muddin haka ne, hancin dabba yana da amfani, kuma tara cikin goma na masu baka za su ci gaba da komawa gida hannu biyu, garke kuma ya ci gaba da hayayyafa.

Mu a nan mun ga abin da ke faruwa in aka cire wannan shinge. Mota mai gudu a rairayi ba ruwanta da inda iska ta nufa, tana bin dabba ne har ta faɗi. Da mota da bindigar zamani, haɗe da fari, aka ƙarar da mariri a Sahel, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Chadi daga waɗanda aka kiwata a waje. Ragon dutse na Abzin da Tarmit, wanda shi ma zaman tsauni ne ke kare shi, ya ragu ƙwarai. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta haramta farauta a cikin mota, da farautar dare, da amfani da wuta ko guba. Amma doka ba ta iya zama a kowace rumfa. Fata da ƙaho da busasshen naman daji ta kasuwannin kan iyaka suke bi, kuma wanda ke da ikon cewa ba zai saya ba shi ne ɗan kasuwa. Amurkawa sai da dabbarsu ta kusa ƙarewa sannan suka rufe wannan ƙofa. Allah ya sa mu rufe tamu tun da sauran abin da ƴaƴanmu za su gani a daji.